Sallar da Baba ya yi shi kaɗai a kan teku

Shekara goma ke nan da muka kai Baba makwancinsa a nan Landan, amma har yau in na bi ta bakin kogi a Woolwich, tambayarsa ce ke fara zo mini.

Yana saurayi aka ɗauke shi daga zangon Sekondi a ƙasar Gana, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka sa shi a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama. Jirgin ba ya cikin manya. Jirgin kaya ne aka shimfiɗa wa filin sauka a bisa. Aikinsa rakiya: ya bi ayarin jiragen abinci, jiragensa na sama suna farautar jiragen ƙarƙashin teku. Ya ratsa Atlantika, ya shiga ruwan ƙanƙara na arewa. Bayan yaƙi aka mayar da jirgin dakon kaya.

Musulmi biyu ne a ciki, Baba da amininsa Ɗanjuma. Wata rana wani jirgin sama ya kuskure sauka, wuta ta tashi, ta ci Ɗanjuma. A teku gawa ba ta jira. A tamfol ake ɗinke ta a zura ruwa, kuma jirgi ba ya tsayawa, don tsayawa kiran abokan gaba ne. Baba ya roƙi 'yan mintoci, aka ba shi. Ya yi wa amininsa taimama, don jikin ba ya ɗaukar wanka. Ya kintaci alƙibla, ya tsaya, ba kowa a bayansa.

Yana kabbara ta biyu jirgin ya fara juyawa, don ya fuskanci iska sauran jirage su sauka. Baba yana ji ƙasa na karkata, rana na barin goshinsa tana komawa kafaɗa. Ya ƙarasa, aka zura Ɗanjuma.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk malamin da ya zo flat ɗinmu sai Baba ya tambaya:

"Malam, sallar nan ta yi kuwa? Ko haka na sallame shi?"

Kowa ya ce ta yi. Sai ya ce, "Allah ya sa," ya kau da kai.

Bana talabijin ya cika da irin jiragen nan a Tekun Fasha, manya-manya, jikokin Baba suna tafi in jirgi ya tashi. Na san Baba ba zai kalli sama ba. Zai tambayi su wa ke ƙasa wajen inji, kuma in ɗaya ya faɗi, wa zai sallace shi.

Bai bar gida ba, bai bar lambar yabo ba. Ban kuma iya cewa ya samu natsuwa ba. Amma duk ranar da aka yi sanarwar gawar baƙo a masallaci, wanda ba shi da kowa a garin nan, nakan bar aiki in je in shiga sahu.