Ƙararrawar Baba Wasiu

Duk unguwar Nima babu wanda bai san Baba Wasiu mai gyaran agogo ba. Shi ne siririn nan kamar tsinken tsire da ke zaune bayan akwatin gilashi a bakin tashar motocin hayar nan da ake kira trotro, da ɗan madubi maƙale a ido ɗaya. Tsofaffin unguwa sun rantse da madubin aka haife shi, sai da ungozoma ta cire kafin ta yi masa wanka. Ubansa daga Ilori ya zo sayar da atamfa, uwarsa 'yar ƙabilar Kotokoli ce ta unguwar Maamobi. Shekarar da aka kori baƙi, dangin ubansa suka cika mota suka tafi, shi kuwa ya ƙi motsi, wai akwai agogon mutane goma sha ɗaya a akwatinsa da ba a zo karɓa ba.

Mutumin nan bai san wasa da lokaci ba. Ranar ɗaurin aurensa da Sala, a gaban jama'a ya gaya wa liman ya makara da minti shida. In azumi ya zo, rabin layinsu ba sa kai dabino baki sai sun leƙo sun ga ya ɗaga hannu. Har zakarun unguwar, an ce, sai sun ji tarinsa suke cara.

Wannan halin ne ya kai shi babban zauren wasanni na cikin gari. Wani ɗan ƙabilar Ga, Mista Odoi, babba a kwamitin damben boksin, ya kawo masa agogo gyara a shekarar saba'in da uku. Ya ce zai dawo ƙarfe huɗu, ya dawo huɗu da kwata, Baba Wasiu ya wanke shi tas. Maimakon ya yi fushi, sai Mista Odoi ya ce irin wannan masifaffen suke nema. Suka ba shi kujera a gefen dandamalin dambe, da ƙararrawa ta tagulla, da 'yar guduma. Aikinsa ɗaya: kowane turmi minti uku ne, in sun cika ya buga.

Zauren nan kuwa duniya ne. Kujeru hawa-hawa har kusa da rufi, fankoki suna juyawa kamar masu ciwon baya. Yau 'yan kiɗa da rawa, gobe 'yan ƙwallon tebur, Asabar da la'asar kuma dambe. Shekara goma sha ɗaya Baba Wasiu shi kaɗai ne ɗan Zango, wato unguwannin baƙi irin su Nima, a teburin manya. 'Yan unguwar Bukom, masuntan Ga ɗin nan da ba sa yarda da sikelin uwarsu, suka yarda da agogonsa. Suka sa masa suna Alhaji Agogo, alhali ko filin jirgi bai taɓa shiga ba. Sunan nan ya fi masa naman salla daɗi.

Sai ga shekarar tamanin da huɗu. Aka haɗa Fuseini, mahauci a Kasuwar Malam Atta, da wani ɗan Bukom mai suna Tete Kwashi, wanda aka ce da goshi yake fasa kwakwa. Fuseini kuwa ɗan Mulikatu ne, yayar Sala uwa ɗaya uba ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba Wasiu yana sunkuye a kan wani agogo, sai ga Alhaji Ishawu, dattijon layinsu, da Mulikatu a bayansa. Alhaji ya ajiye ƙullin ganye a kan akwatin. To, a Zango in dattijo ya tako ƙafa ya kawo maka goro a ƙulle, magana ce a ciki. Sai ka ji maganar tukuna. In ka ɓare ka ci, ka amsa ke nan, ko ba ka ce uffan ba. Baba Wasiu ya san wannan sarai. Amma idonsa yana cikin madubi, hankalinsa yana kan wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gero ba, hannunsa ya tafi da kansa kamar ɓarawo, ya ɓare fari guda ya jefa a baki. Ƙaras!

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji Ishawu. "Mulikatu, kin gani? Na ce miki mutumin kirki ne."

Baba Wasiu ya ɗago. "Me na yi, Alhaji?"

"Ba ka yi komai ba, gobe za ka yi. In ka ga yaron nan ya shiga uku, ka ɗan taimaka wa agogo. Sakan goma, sakan ashirin, wa zai ƙirga?"

"Ni zan ƙirga, Alhaji!"

"To ka ƙirga da sauri."

Ya yi ƙoƙarin tofar da goron, amma ya riga ya wuce maƙogwaro. Mulikatu ta durƙusa har ƙasa. "Mijin ƙanwata, Allah ya bar ka da Sala. Ɗa ɗaya gare ni, kar a kawo mini shi a cikin buhu."

Kafin magariba labari ya kai Maamobi, ya tsallaka gota, babbar kwatar unguwa, ya hau trotro ya sauka Circle a cikin gari. Da Baba Wasiu ya koma gida ya tarar Sala ta yanka kaza, abin da ba ta yi ba tun sunan autarsu.

"Sala, ni fa ban amsa komai ba."

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci, amma ban ji..."

"To wanke hannu, maigida."

Asabar tun azahar zauren ya cika har ana zama a kan taga. 'Yan Zango a hagu da kalangu, 'yan Bukom a dama da gangunansu da fuskoki shafe da farar hoda. A bakin ƙofa Mista Odoi ya tare Baba Wasiu. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ranar ta fita tsaf.

"Alhaji Agogo, na ji an ce jiya haƙori naka ya yi ja."

"Mista Odoi, shekara goma sha ɗaya..."

"Na sani. Shi ya sa ban canza ka ba. Amma mutane na sun ji. In ƙararrawa ta yi kuka kafin lokaci, ni ba zan iya riƙe su ba, kuma kujera ta tafi."

Baba Wasiu ya zauna. Ya ajiye agogonsa a kan tebur, ya goge tafin hannu a riga, ya sake gogewa. Gudumar da ya saba ɗagawa da yatsa biyu ta koma kamar taɓarya.

Turmi na farko, lafiya. Na biyu, Fuseini ya sami hancin Tete, 'yan kalangu suka kusa fasa fata. Daga na uku abin ya juya. Tete ya fara dukan haƙarƙarin Fuseini kamar mai kirɓa sakwara, kowane naushi sai an ji shi a kujerar ƙarshe. A turmi na huɗu idon Fuseini na hagu ya rufe. Duk lokacin da Baba Wasiu ya buga ƙararrawa, mutum ɗari a dama suna duba agogon hannunsu, har da waɗanda nasu ya mutu tun zamanin soja na farko.

Turmi na biyar, saura sakan arba'in, Tete ya matse Fuseini a kusurwa, daidai saman kan Baba Wasiu. Gumin yaron da jininsa suna ɗiga a kan tebur. Sai hagu ta ɗauka baki ɗaya:

"Baba Wasiu, buga! Baba Wasiu, buga!"

Muryar Mulikatu ta keta ta kowa. "Wasiu! Ka ci gorona! Za su kashe mini ɗa kana kallon agogo!"

Bai ɗago ba. Saura talatin. Ya ji idon Mista Odoi a ƙeyarsa kamar garwashi. Saura ashirin. Wani ya jefo ɓawon lemo ya same shi a kunne, daga hagu ya fito, kuma har yau ana zargin Alhaji Ishawu. Saura goma, ya bubbuga tebur da tafin hannu yadda ya saba, don rafali ya shirya.

Saura tara, Fuseini ya faɗi. Rim! kamar buhun doya daga saman mota.

Rafali ya tura Tete gefe ya fara ƙirga. Ɗaya. Biyu. Dokar zauren kuwa kowa ya san ta: in ba turmin ƙarshe ba ne, ƙararrawa tana ceton wanda ya faɗi. In ta yi kuka kafin rafali ya kai goma, sai a ja mutum kusurwarsa a zuba masa ruwa.

Uku. Huɗu. Baba Wasiu ya dubi tsinken agogo, ya dubi hannun rafali. Tare suke tafiya. Minti uku za su cika daidai rafali yana cewa tara.

Biyar. In ya buga a kan lokaci, babu ɗan Bukom ɗaya da zai yarda lokaci ne, kowa zai ce goro ne. Shida. In kuwa ya riƙe hannunsa sakan ɗaya tak, rafali ya kai goma, shi ke nan, ya wanku. Mista Odoi zai rungume shi, kujera ta zauna, suna ya zauna. Sakan ɗaya. Babu mahalukin da zai sani. Bakwai. Sai dai zai zama karo na farko a rayuwarsa da turmi ya yi minti uku da ɗoriya. Takwas. Ya ɗaga gudumar.

Tara.

Ƙwal!

Zauren ya fashe. Dama ta miƙe tsaye. "Julo! Julo!" Ɓarawo ke nan a bakin Ga. Takalma suka fara sauka, da kwalabe, da dunƙulen dokunu, tuwon masarar nan nasu, har da wata kujera da aka ce mutum uku ne suka ɗaga ta. Baba Wasiu ya ɗaga agogon sama yana ihu, "Ku duba! Ku duba da idonku!" Amma agogo ba ya tsayawa jiran shaida, tsinken ya riga ya wuce.

Mista Odoi ya zo ya tsaya a kansa. Bai yi faɗa ba, hannu kawai ya miƙa.

"Wallahi tallahi minti uku ne cif, Mista Odoi."

"Wataƙila. Ba ni guduma, Wasiu."

Da Wasiu kawai ya kira shi, babu Alhaji, babu Agogo. Baba Wasiu ya miƙa masa gudumar.

Da 'yan sanda suka kwantar da rikicin aka ci gaba, Mista Odoi da kansa ya buga turmi na shida. Fuseini ya fito yana tangaɗi, Tete ya taɓa shi sau biyu, ya kwanta, wannan karon har goma da ragowa. Bai mutu ba. Bayan sati uku ya koma kan teburin namansa, bai sake sa safar dambe ba.

Baba Wasiu bai ga wannan ba. Tun kafin a buga turmin samarin Zango suka sure shi a kafaɗa, suka fita da shi ta ƙofar baya da kalangu, yana shure-shure yana rantsuwa, su kuwa suna amsawa da amin. A Nima mata suka yi ta guɗa. Alhaji Ishawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Kai, ashe ka iya! Ka bari sai da ya kai tara don kar a gane. Wannan ita ce sana'a."

Kwamiti bai sake kiransa ba. Ya rubuta musu takarda sau huɗu, ya je ƙofar zauren da ƙafarsa sau biyu, mai gadi ya ce ya sayi tikiti. A unguwa kuwa girmansa ya ƙaru, ana gaishe shi tun daga nesa, ana kashe masa ido ɗaya. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ranar da ya dawo daga zuwa na biyu, ya zauna a tsakar gida ko hula bai cire ba. Sala ta ajiye masa tuwo da miyar ayoyo.

"Sala, zauna. Shekara ashirin muna tare. Na taɓa yi miki ƙarya?"

"Ko sau ɗaya."

"To ki ji ni da kyau. Ranar nan ban ƙara ba, ban rage ba. Minti uku ne cif."

Sala ta waiga ta dubi ƙofa, ta dubi katangar maƙwabta, ta matso kusa da shi ta rage murya.

"Yawwa, maigida. Haka za mu riƙa faɗa."