Tafsirin Kawu da ya yanke a tsakiya

Akwai magana guda da na riƙe a bakina, wadda da zan iya komawa baya da na faɗe ta. Har yau ita nake roƙon Allah gafara a kanta.

Ni na fara buɗe shagon tura karatu da waƙoƙi a waya a unguwarmu cikin Ƙanƙara. Daga baya taubashina, ɗan kawuna, ya buɗe nasa a Faskari. A hannuna ya koya. Amma ranar kasuwar 'Yankara sai in ga mutanena sun wuce rumfata sun yi layi a tasa. Shi mai fara'a ne, ni ba ni da ita. Ina dariya da shi, amma kishinsa nake yi.

Mahaifinsa, Kawu, ya daɗe yana tafsiri a garin Sabuwa duk azumi. Taubashin nan ne ke ɗaukar muryarsa yana ajiyewa a tsohuwar kwamfutarsa. Bayan Kawu ya rasu, kowa sai wurin taubashin. Har mahaifiyata takan ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka." Ni ba a ce mani ba.

Da ya sayi sabuwar kwamfuta, ya haɗa ta da tsohuwar da igiya don ya kwashe karatun. Ƙananan fayil suna wucewa, manya kuwa wani lokaci su tsaya, wani lokaci su nuna kamar sun gama.

Na san ciwon, don ya taɓa samuna. Wani mai gyara daga Funtuwa ya yi mani bayani cewa kowace kwamfuta tana da uwar manhaja a ciki, ta tsohuwar da ta sabuwar ba zamaninsu ɗaya ba, don haka ba su jin juna sosai. Ya nuna mani inda ake gaya wa sabuwar ta bi tsarin tsohuwar. Ya kuma ja kunnena: kada in yarda da sunan fayil, in gwada nauyinsa nan da can kafin in goge komai.

Taubashina ya zo har shagona a kan babur.

"Kai bawana," in ji shi, "zo ka yi wa ubangidanka aiki. Na'urorin nan sun ƙi shiri."

Na ce, "Alhajin Faskari da kansa? Ai na ji an ce yanzu kai ke koya wa Turawa."

"Bar wasa. Mi ke sa babban fayil ya tsaya?"

"Rowar mai shi. Ka saya wa kwamfutar shayi."

Ya yi dariya har da dukan kafaɗata, ya tafi. Tsakanin taubasai ba a riƙon irin wannan amsa, kuma na san haka, shi ya sa na ɓoye a bayanta. So nake ya ɗan sha wahala ya dawo ya roƙe ni a gaban mutane.

Bai dawo ba. Ya yi ta maimaitawa har ya ga sunayen duk sun jeru a sabuwar, ya ɗauka an gama. Ya goge tsohuwar ya sayar wa wani mutumin Pauwa.

Da azumi ya zo, iyali suka taru a Sabuwa don su ji Kawu. Ina wurin. Muryarsa ta fito, ya yi bisimilla, ya fara fassara, sai ta ɗauke a tsakiyar aya. Aka buɗe na gaba, haka. Kaɗan ne suka tsira. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Taubashina ya yi ta cewa laifinsa ne, ni kuma ina zaune ina ba shi haƙuri.

Na gaya mashi gaskiya daga baya. Ya ce ya yafe. Muna gaisawa, muna zumunci, amma tun ranar bai ƙara ce mani bawansa ba.

Wanda duk ɗan'uwa ya zo yana tambayarsa abin da ya sani, don Allah ya bar wasan, ya faɗa mashi.