Kwamfutarmu Ta Ce Asabar

Har in koma ga Allah ba zan manta da Alhamis ɗin da ruwa ya kwashe albasar Baba Altine ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin ban-ruwa wajen Goronyo. Aikina in duba ranar sakin ruwa, in hau babur in sanar da ƙauyuka, don in magudana ta bushe mutane kan shanya amfanin gona a simintinta.

Ga yadda tsarin yake. Kalandar asali tana can hedikwata, Sakkwato. Ta kwamfutar sakatariyarmu, Madam Rifkatu, kwafi ce: in an samu sabis sai kwamfutar ta leƙa can da kanta, ta ɗauko abin da aka canza. In ta kasa, ba ta cewa uffan. Tsohon bayani za ta ci gaba da nunawa, sai wani jan ɗigo a kusurwa da ko ƙwayar gero ta fi shi girma.

Ashe hedikwata sun canza lambar sirrin shiga, ba wanda ya gaya mana. Injiniyan da ke tsara ranakun kuma ya dawo da sakin ruwa daga Asabar zuwa Alhamis. Mai buɗe ƙofar ruwa ya gani a wayarsa. Kwamfutarmu kuwa ta kasa shiga, tana nan kan Asabar, daram.

Da bakina na ce wa Baba Altine na Kagara ya sha kuruminsa, sai Asabar za a saki ruwa. Albasar noman raninsa gaba ɗaya ya zuba a magudanar.

Ran Alhamis da hantsi ruwa ya taho. Na iske shi tsamo-tsamo, ya ceto abin da bai cika kwando ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Dubana kawai ya yi, ya ce, "Ɗana, mi na yi maka? Kai ka ce Asabar."

Injiniya ya ce shi dai ya rubuta canjin a kalandar asali. Hedikwata suka ce kowa ya kamata ya lura da jan ɗigon. Madam Rifkatu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba a hukunta kowa ba, kuma har yau abin na cina. Baba Altine ya sayar da gonar, ya koma ƙwadago a Wurno.

Ku yaran da ke wannan aiki yanzu, kafin ku hau babur ku buga wa mai ƙofar ruwa waya, ku ji daga bakinsa. Manomi bai san hedikwata ba, bai san kwamfuta ba. Fuskar wanda ya zo ya faɗa masa ya sani.