Hadizatu Mai Kisra da Jikan Wanzami

A Mai Wurno, in yaro ya fasa goshi ko ya taka kwalba, ba a tsayawa shawara, wurin Hadizatu mai kisra ake nufa. A bakin tashar motocin Sinnar take sana'arta ta gasa kisra, wato siririyar wainar dawa, kuma ƙarƙashin teburinta kullum akwai fararen ƙyallaye wankakku a cikin leda. Mace ce mai faɗa, mai riƙo kuma. Mutum ɗaya ne dai ta rantse ba za ta yafe masa ba: Almu wanzami.

Shi ya yi wa 'yarta ta fari, Huda, askin suna. Yana aski yana zuba wa maza labari, aska ta zame ta tsaga kan jaririyar. Sai ya yi abin da ya gada: ya cusa garin bun, wanda ake dafa gahawa da shi, ya share, ya leƙa, ya sake cusawa. Jini ya ƙi tsayawa. Hadizatu tana ɗaki tana kuka a kai jaririyar asibiti, aka ce maijego ba ta fita, ga baƙi sun cika gida. Kafin a nemo mota yarinya ta yi sanyi. Da Almu ya zo gaisuwa, cewa ya yi kwananta ne ya ƙare.

Bayan shekaru, ma'aikatan lafiya suka zo koya wa mata tsai da jinin yara, Hadizatu ta zauna a gaba. Da ta ga sauƙin abin, sai da ta fita waje don baƙin ciki. Tun daga nan duk gidan sunan da ta shiga sai ta ba da labarin Huda, har iyaye suka fara gudun askar Almu. Hakan bai ishe ta ba. So take ya ɗanɗana.

Rannan da la'asar sai ga Almu, tsufa ya kama shi, yana haki, rungume da jikansa Khalid da bai daɗe da fara tafiya ba. Yaron ya faɗa kan lauje, kai ya tsage. Hannun tsohon duk garin bun ne da jini.

"Ɗiyata, ki taimake ni," in ji shi.

Ta daɗe tana jiran wannan rana, zuciyarta kuma ta ce ta juya baya. Sai yaron ya yi ɗan kuka mara ƙarfi. Ta zaro ƙyalle ta ninke a kan raunin, ta cafko hannun Almu ta ɗora a kai.

"Danna, Baba Almu! Kak ka ɗaga, kak ka leƙa!"

Jini ya jiƙe ƙyallen, ta ƙara wani a sama ba tare da cire na farko ba, ta ƙwala wa direba kira. Da hannunta ta fi iyawa, amma so take tsohon ya ji a tafinsa lokacin da jinin zai tsaya. Ya kuwa tsaya. Almu ya fara jero godiya.

"Riƙe godiyarka," ta ce, yadda duk tasha za ta ji. "Ka ji ya tsaya? Ƙyalle da tafin hannu. Wanga ɗan abu kaɗai Huda tar rasa a hannunka."

Aka shigar da su mota zuwa asibiti, hannun Almu na kan yaron. Hadizatu ta wanke hannu ta koma kan kisrarta, wadda ta riga ta ƙone.