Rabin Wasan da Nake Bin Ɗanlami

A shekarar da shugaban ƙasa na mulkin soja ya rasu aka kawo gawarsa Kano, cikin makon nan ne Kawu Isa ya shigo ƙauyenmu da ke yamma da Kiru, rungume da wani kwali a bayan ɗan acaɓa. Damina ta sauka, gero ya fara ɗagowa, muna dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa. Muka bi babur ɗin da gudu har ƙofar gida. Da aka yanke igiyar kwalin, sai ga talabijin ƙarama mai hoto baƙi da fari. Kawu fataucin tumatir yake yi, ya ce ya saye ta ne saboda ranar Asabar ƙasarmu za ta buga da Sifen a gasar kofin duniya, kuma ya gaji da jin ƙwallo a rediyo.

Kawu Isa ƙanin mahaifiyata ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ɗansa Ɗanlami sa'ana ne kuma taubashina, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Kafin ranar nan babu abin da ya fi ni. Na riga shi izu a makarantar allo, na fi shi gudu, na fi shi harbin danƙo. Amma daga saukar kwalin nan duniya ta juya. Yara suka dinga kawo masa goriba da guntun rake da ba a gama shanyewa ba, don ya yi musu alkawarin wuri. Shi kaɗai aka yarda ya goge gilashin da tsumma. Abin da ya fi ƙona mini rai, da yake na fi shi kyan hannu, ni ya sa na ɗauko tawada da alƙalami na rubuta a jikin kwalin da ajami cewa kada kowa ya taɓa. Ina gamawa ya karanta, ya dube ni ya ce, "Har da kai, bawana."

Ba mu da wutar lantarki, don haka kallon ƙwallo sai da shiri kamar na biki. Aka ari batirin mota wajen wani direba, aka kai shi Kiru a keke aka yi masa caji, aka ɗora shi kan turmin da aka kifa, domin manya sun ce ƙasa tana shanye wuta. Aka saro doguwar gora daga bakin rafi, aka ɗaura mata eriya a ka, aka kafa ta a bayan zaure, aka zuro waya ta taga. Inna ta soya gyaɗa cike da kwano, matar Kawu ta dama kunun zaƙi a tulu. Aka kwaso tabarmi daga gidaje uku, aka rataya bargo a ƙofar zaure don haske kada ya kashe hoto. Sai aka gano matsala ɗaya: ƙasa ta jiƙe, gorar ba ta kama ba, iska na kaɗawa eriya ta kauce daga saitin Kano, mutanen cikin talabijin su narke su zama kamar tsaki. Dole wani ya tsaya a waje ya riƙe.

Kawu ya raba mana aikin a gaban kowa. Ni zan riƙe rabin farko, Ɗanlami ya riƙe na biyu. Na yarda da murna, har ina ganin na cuce shi, don kowa ya san ƙarshen wasa ya fi daɗi.

Na tsaya a bayan zaure rungume da gora, rana tana dukan ƙeyata. Ba na ganin komai sai bango da kajin matar Kawu. Daga ciki ake yi mini tsawa, "Dama kaɗan! Ya isa! Tsaya nan!" Na ji salati lokacin da aka ci mu, ba a daɗe ba na ji zauren ya ɗauka da ihu, mun farke. Ta 'yar tagar ina hango gefen kan Ɗanlami a sahun gaba, yana watsa gyaɗar Inna a baki, yana yi wa dattawa bayani kamar shi ya ƙera akwatin.

Da aka tafi hutu aka cire wayar batir, muka yi alwala muka yi azahar. Allah Ya yafe mana, ban taɓa ganin liman ya yi sauri kamar ranar ba. Muka dawo, na miƙa wa Ɗanlami gora, na shige na zauna a wurinsa, tabarmar da ɗuminta. Na ga filin, na ga 'yan mutane ƙanana suna gudu, ko gyaɗa ban kai baki ba hoto ya rikice. Kafin hoton ya dawo an zura mana ta biyu. Zauren ya yi tsit. Sai Malam Garba mahauci, wanda ya fi kowa murya, ya juyo ya ce, "Wa ke riƙe da gorar nan? Ku mayar da ɗan Hajara, hannunsa da sa'a." Ɗan Hajara ni ne. Na dubi Kawu, shi da ya yi rabon, sai ya kau da kai ya ce, "Tashi mana, ka taimaki ƙasa."

Muka yi kiciɓis da Ɗanlami a ƙofa, yana danne dariya. Na koma na rungumi gora, hawaye na zuba, ina roƙon abin da yaro bai kamata ya roƙa ba, wato a ƙara cin mu don a gane hannuna ba komai ba ne. Allah bai karɓa ba. Muka farke, can kuma aka yi wani ihu da ya tashi kajin nan sama, mun ci ta uku. Da aka tashi wasa mutane suka fito suna ɗaga ni, Malam Garba ya yi mini kyautar tsire. Na ci, amma bai yi mini daɗi ba, domin Ɗanlami yana tsakiyar yara yana nuna musu yadda aka narko ƙwallon daga nesa, da ƙafarsa, ni kuwa ban gani ba.

Nasarar nan ita ta ɗaure ni. Duk wasan da ya biyo baya ba a ma tambaya, ni ne a gora, har aka fitar da mu daga gasar, sannan aka daina zancen hannuna. Malaminmu ya ji labari ya yi wa manya faɗa, ya ce, "Sa'a ba ta zama a tafin yaro, tana wurin Mai ita." Sun amsa da to, amma an riga an mayar da batir. Shekara da shekaru, duk haɗuwarmu da Ɗanlami, a suna ko a jana'iza, sai na tuna masa ina bin sa rabin wasa, shi kuma ya ce bawa ba ya bin ubangidansa bashi.

Yanzu ina da sola a kan rufi, da talabijin mai launi, da farantin kamo tashoshi a jikin katanga. A daminar bara Ɗanlami ya zo mini yini, ana wani babban wasa. Ana dawowa daga hutu hadari ya taso, iska ta girgiza farantin, hoto ya tsaya cak. Na yunƙura zan aiki yaro, sai ya dafa gwiwata, ya naɗe hannun rigarsa ya fita. Na jiyo shi daga waje, ga furfura a gemu, yana tambaya, "Ya dawo?" Na ce dama kaɗan. Na ƙara ce masa hagu, alhali hoton ya riga ya fito tas.

Ya tsaya har aka tashi, yayyafi na sauka a kansa. Babu wanda ya ci ko ɗaya a rabin nan. 'Ya'yana biyu suna gefe, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, ɗakin shiru, babu ƙanshin gyaɗa, babu muryar Malam Garba, Allah Ya jiƙansa. Ɗanlami ya shigo yana matse hula ya ce, "Shi ke nan, na biya." Na ce ya biya. Sai dai zauren da na so in zauna a cikinsa ya daɗe da rushewa.