Kilo Ashirin a Wata Biyar

A lokacin ina aiki a wani kamfanin fiton kaya a Gaya, ina cike takardun motocin da ke tsallako gada daga Malanbil ta ƙasar Benin. Matata ta haifa mana 'yarmu ta fari, ni kuwa ban taɓa riƙe ta ya kai minti biyu ba.

Shugabarmu, wata Hajiya mai 'ya'ya shida, ta fito da sabon tsari: duk mai ƙaramin yaro an ba shi safiyar Alhamis ya kai shi awo ko likita, ya rama aikin daga baya. Na fi kowa zuba godiya, amma ban faɗa wa matata ba. Duk Alhamis sai in saka rigar biro kamar mai tafiya aiki, in zarce bakin kogi, in tasa soyayyen kifi gaba, ita kuwa in ranar awo ce tana can layi da goyo cikin rana.

Wata rana Hajiya ta tambaye ni nauyin yarinya. Ni da ban san awon komai ba sai na buhu, na ce kilo goma sha biyar. Ta ci gaba da aikinta. Da wata ya zagayo ta sake tambaya, na ga ai yaro ƙaruwa yake yi, na ce ashirin. Yarinya wata biyar! Alhamis ta gaba Hajiya ta ɗauko ƙanwarta ungozoma suka nufi gidana ganin wannan ikon Allah. Suka tarar da 'yar kilo shida, da uwarta da ba ta taɓa jin labarin wata Alhamis ba. Ni kuma suka same ni bakin kogi da ƙaya a baki.

Da muka koma biro, wurin aikinmu, Hajiya ta ce za ta soke tsarin gaba ɗaya. Wata abokiyar aikinmu da mijinta ya rasu, mai ɗa mai sikila, ta juyo ta dube ni. Wallahi kunya ta fi kama ni a nan. Na durƙusa na roƙi a hukunta ni ni kaɗai.

Hukuncin shi ne in riƙa kai yarinya awo da kaina, in kawo katin Hajiya ta gani. Ni kaɗai ne namiji a layin, mata na koya mini ɗaurin zane suna ƙyalƙyala dariya.

'Yan'uwa maza, sassaucin da aka yi wa iyaye amana ce, in ka ci ta wasu ne za su sha wahala. Yau 'yata kilo tara da rabi take, kuma da idona na gani.