Akwatin da Ake Sunkuya wa

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma tsayar da ido a kaina. Ina shigowa sai wani aiki ya taso mata a bakin murhu. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba. So nake ta dube ni sosai ko da sau ɗaya kafin in bar gida.

Shekarar da zan tafi makarantar lise a Maradi aka ce sai da hoto. Ita ma tana neman na katin ɗan ƙasa, sai muka nufi wurin tsohon mai hoto na bayan kasuwar Dakoro, tana gaba ina baya.

Akwatin hotonsa ya girme shi. A ninke ba ka ce komai ba ne, amma da ya taɓa wani ƙarfe sai fata ta miƙe kamar zugazugin maƙeri, wata 'yar rumfa ta tashi a sama. Akwai madubi a ciki mai ɗauko surar mutum ya kwantar da ita kan gilashi. Saboda haka ba a kai shi ido. A daidai cikin mutum ake tallafe shi, a sunkuya a leƙa. Tsohon ya ce wurin ubangidansa ya gaje shi, shi kuma daga wani Nasara mai sayen gyaɗa. Akwatunan farko, in ji shi, kayan jaki ne saboda nauyi, sai da wani ya zauna ya gano yadda za a ninke su. Ya ce akwai ma mai ido biyu, wanda hotonsa kamar ka sa hannu ciki. Har yau ina jinjina wa mutanen nan da ban sani ba.

Ya zaunar da ni, ya lura Inna bango take kallo.

"Ɗiyata, idona ya yi rauni. Taho ki duba min ko hular yaron ga ta karkace."

"Baba, ai ka sani," in ji Inna.

"Ba shi za ki duba ba. Gilashi ne, kanki na ƙasa."

Ta zo ta tallafi akwatin ta sunkuya. Ba na ganin komai sai saman kallabinta. Ta daɗe, tsohon kuwa ya shiga goge wani abin da ba ya bukatar gogewa. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce a hankali, "Ashe goshin babana ya ɗauko."

Sannan tsohon ya karɓa ya ɗauka. Hoton yana nan wurina. Duk wanda ya gan shi sai ya tambaye ni abin da ya faɗa mini a ido ran nan.